Karan Gero a Ƙarƙashin Mota

Talata, bayan isha'i, Dogarawa

Ni dai zancen awakin nan bai kwanta mini ba.

Da la'asar maigidana ya dawo daga Bazaga da motar haya, fitila ɗaya a fashe. Ina sharar ƙofar gida, sai na hango ɗanyen karan gero da yaɗon wake maƙale a ƙarƙashinta.

Na ce, "Baban Hadiza, gonar wa ka shiga?"

Wai awaki ne suka gitta masa, ya kauce. Ko kallona bai yi ba.

Awaki da damina? Yanzu kowace akuya tana turke, har namu ukun. Kwana uku ke nan yana bin kasuwanni, shayi da goro ne abincinsa. Ɗazu da lomar tuwo a hannu barci ya kwashe shi. Zuciyata ta ba ni ba akuya ce ta kai shi gonar mutane ba.

Ya ce da asuba zai ɗauki fasinja zuwa Tajaye. Na tura makullin motar cikin buhun wake. In ya tashi ya yi ta faɗa, zan jure. Gara faɗansa da sallamar jandarma a ƙofar gidana.