Ranar da Wuta ta Isa Jirgi a Gajiye

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiya, ina rubuto miki daga gidanmu na unguwar Ƙiblatain, a kan tabarmarki. Akwai labarin da ban samu na ba ki ba, don kin riga kin kwanta a maƙabartar Baƙi'a kafin ya faru.

Kin san aikina na kahraba, wato lantarki, a tashar jiragen ruwa ta Yanbu, wanda kike kira wasa da ajali. Wata azahar jirgin alhazai ya iso daga Sudan, yana tsayawa janaretonsa ya mutu. Ba a ba su izinin sauka ba tukuna. Tsofaffi maƙil a ƙasan jirgin, babu iska, sai fito da masu suma ake yi.

Nan take na tuna ƙanwarki, Goggo Hajara, wadda zafi ya kashe a irin wannan jirgi kina riƙe da hannunta.

Ni da abokan aikina muka ja wayar wuta daga tudu muka haɗa wa jirgin. Inna, wutar ta isa, amma a gajiye. Wayar ta yi tsawo, jirgin kuma ya buɗe baki gaba ɗaya yana zuƙar wutar, ga kicin, ga firji, ga ɗakin kyaftin. Ƙwayayen lantarki suka yi ja kamar garwashi. Fankoki sai gurnani, ko motsi babu.

Sai na tuna ki ranar da baƙi suka fi ƙarfin tukunya, kina cewa, "Kowa ya janye hannu, a fara da marar ƙarfi." Na roƙi kyaftin a kashe komai. Bawan Allah, da ɗakinsa ya fara. Muka ƙara waya ta biyu, muka shiga kunna fankokin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, allurar mita tana tashi a hankali.

Sai na sauka ciki. Jama'a sun ɗaga kai suna kallon fanka suna hailala, kamar ba su taɓa jin iska ba. Wata tsohuwa, mayafinta na kaɗawa, ta kama hannuna, da Hausarta ta Kano ta ce, "Ɗan nan, wace ce ta haife ka?" Na faɗi sunanki. Ta dinga sa miki albarka, alhali ba ta taɓa ganinki ba.

Ba a fitar da gawa ko ɗaya daga jirgin nan ba, Innata.

Allah ya yalwata makwancinki, ya buɗe miki ƙofar da sanyin Aljanna zai riƙa shigowa, ke da Goggo Hajara. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Bashiru