In Dangwala wa Hukma Yatsa Ko in Bari?

Malama mai ba da shawara, ki taimake ni, kwana tara ke nan ko gurasa ba ta yi mini daɗi. Ban yi makaranta ba. Mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina fasa jan dutse a ramukan bayan Jodhpur. Tun ina saurayi tari ke kwashe mazan ƙauyenmu. Asibiti su ce tarin fuka ne, a ba mutum ƙwayoyi na wata shida, ya shanye tas, ya mutu. Mu kuma maganinmu mazarƙwaila. In an tashi aiki, helma, wato shugaban ma'aikata, ya raba wa kowa dunƙule, wai tana wanke ƙurar maƙogwaro. Ubana ya ci ta har ya mutu bai kai arba'in ba.

Ranar da muka dawo daga ƙona gawar wana, na sayi tukwane biyar: ta masu huda dutse da inji, ta masu sassaƙa, ta masu lodi, ta masu amalanken raƙumi, ta makiyaya. Duk namijin da tari ya kashe kafin ya yi furfura, in jefa tsakuwa ɗaya a tukunyar sana'arsa. Na kuma fara jiƙa gefen rawanina ina rufe hanci da baki wurin aiki.

Helmanmu Hukma Ram ne, tare muka tashi. Da ya hango ni fuska a rufe sai ya daka tsawa, "Ku ba amarya hanya, ga ta nan da lulluɓi!" Sunan ya bi ni shekara talatin, har jikokina an tsokana da shi. Ran da na ce masa ƙura ce ke kashe mu, ya zo har gida ya harbi tukunya ɗaya ta fashe, ya ce, "Magatakardan lahira, je ka ƙirga kunnuwanka." A durƙushe na tsince tsakuwoyin nan.

To, bara Likita Nirmala ta zo da motar ɗaukar hoton ƙirji. Na kai mata tukwanena a amalanke. Ba ta yi dariya ba. Ta juye a tabarma, ta ƙirga sau biyu. Masu inji sittin da huɗu, masu sassaƙa talatin da takwas, makiyaya biyu kacal! Na ce mata, 'yata, tarin fuka ya san sana'a ne? Hotunanta suka fito daidai da tsakuwoyina. A gaban dattawan ƙauye ta kira sunana, aka rataya mini furanni a wuya. Yanzu inji ba ya huda dutse sai ruwa na zuba, masu ciwo kuma ana ba su katin magani. Ni da ban san harafi ko ɗaya ba!

Ga damuwar. Hukma ya kwanta, ko bakin rijiya ba ya iya kaiwa. Ba shi da takardar aiki, mai ramin ya mutu, ba za a ba shi katin ba sai mutum biyu da suka yi aiki da shi sun dangwala yatsa. Mu ashirin da biyu ne a rukuninsa, saura ni da Ghewar kurma, shi kuwa ya dangwala. Ranar Alhamis likita za ta rufe rajista. Na ce ba zan dangwala ba sai Hukma ya zo gaban dattawa ya ce ni ke da gaskiya. Ya aiko wai gara ya mutu. Matata ta ce dutsen da na fasa ya fi ni taushi. Ki gaya mini, laifi ne in nemi kalma ɗaya?

Tsoho mai tukwane

AMSA

Babaji, barka. Abin da masu digiri suka yi shekaru ba su lura da shi ba, kai ka gano shi da tsakuwa. Nasarar taka ce, babu mai ƙwace ta.

Ba laifi ba ne ka nemi kalmar. Hukma ya wulaƙanta ka, kuma da ya saurare ka da wuri, wataƙila da wasu suna raye. Amma shi ma ƙurar nan ya shaƙa, mazarƙwailar nan ya ci yana ganin magani ce. Ba yaudarar ku ya yi ba, shi ma a duhu yake. Mutumin da ke neman katin ciwon ƙura kuwa ai ya riga ya amsa gaskiyarka, ko bakinsa ya ƙi.

Ka lura, takardar da za ka dangwala wa ba ta tambaye ka ko Hukma mutumin kirki ne ba. Ta tambaye ka ko ya yi aiki a ramin. Ya yi. An yarda da kai ne don ba ka taɓa ƙara ko rage komai saboda so ko ƙi ba. Kada ka fara yanzu.

Kada ka jira Alhamis, ka je wurin likita Laraba da safe da katin shaidarka. Ka nemi motar da za ta kai Hukma har ƙofar likita, kai ma ka sa a ɗauki hoton ƙirjinka. In an gama, ka zauna da shi ku biyu, ka amayar masa da duk abin da ke cikinka. Bayan ka dangwala, ba kafin ba. Ko ya ba ka haƙuri ko ya yi shiru, kai dai ka sauke naka.

Ka danna yatsan sosai, Babaji, yadda tawadar za ta fito ɓaro-ɓaro. Ubangiji ya ƙara maka tsawon numfashi, shi kuma ya sassauta masa.