Hotunan Gidan Su Klara

Rillieux, kusa da Lyon, daren Lahadi, 16 ga Nuwamba 2014

Na dawo daga Paris, har yanzu ko takalmi ban cire ba. Yau Klara, wadda nake shirin aura, ta kai ni in gaida tantinta, wato gwaggonta, babbar danginsu a nan Faransa. Na san gidan sarauta ne a Jamus tun kakanni, amma sai yau na ji nauyinsa.

Tsohuwar ta karɓe ni da fara'a, har ta tuna ba na shan giya. Ta bi da ni bangon falo, hoto bayan hoto: wannan ya auri ƴar baffansa, waccan an kai ta gidan sarautar maƙwabta, jikanta ya dawo ya ɗauki mata a gidan nan. Har dariya na yi, na ce ai haka muke a Damagaram.

Sai na tambaye ta wata budurwa da ke gefe cikin hoton wani biki. Ta ce, "Ƙanwata ce. Malamin makaranta ta aura. Babu wanda ya sake zuwa wurinta har ta rasu." Tana faɗa tana ƙara zuba mini kafe a kofina.

A jirgin ƙasa, da muka kusa Lyon, Klara ta juyo gare ni. Ta ce, "Isufu, ba zan iya aurenka in yi rayuwa irin ta ƙanwar tanti ba. Ka yafe mini." Na ce na gane. Wallahi ban gane ba.

Ɗazu Inna ta kira, muryarta cike da murna. Wai ta ga atamfa biyu a kasuwa, wacce surukarta za ta fi so, shuɗiya ko koriya?

Na ce shuɗiya.