Wasan Jika

Tabla, 3 ga Janairu

Ɗiyata Balkisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lahiya. Mu nan sai godiya, hatsi ya yi kyau bana. Takarda na rubuto na ba direban Yamai, don wayar nan tawa jikoki ke buɗe mini ita.

Ke, wane irin karatu ne wannan? An ce kullum kina gidan kaso, zaune gaban mazan da suka taɓa ƙananan yara, kina rubuta abin da suka ce. Mun tura ki jami'a ki zama likita, kin ɓuge da hira da 'yan iska! Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Amma tunda kin san halinsu, bari in tambaye ki. Kin san Ɗandije, taubashina. Duk Lahadi in ya dawo daga kasuwar Filingue sai ya kawo wa jikata Anisa alawa, yana kiran "Ina matata?" Wasan kaka da jika ne, kowa na dariya. To, wata biyu ke nan, da ta ji sallamarsa sai ta ɓuya bayan rumbu. Tuwo ma ta bar ci. Shekararta takwas. Shekaranjiya ta faɗa mini abin da hannuna ba zai iya rubutawa ba. Ubanta Kailu ya ce a rufe maganar, kar gari ya ce an ɓata ta.

Mi kika gani?

Allah ya tsare ki.
Gwaggonki, Hasiya

Yamai, 7 ga Janairu

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida mutanen gida. Sau uku na karanta takardarki, kuma na yi kuka.

Halayyar ɗan Adam nake karanta, Gwaggo. Ina sauraron mutanen nan ne don in gano ta inda suke shigowa, a toshe. Mutum ashirin na zauna da su. Ɗaya ne kawai baƙo ga yaron da ya cuta, sauran dangi ne ko maƙwabta, kuma kusan dukansu da kyauta da wasa suka fara. Wasan jika ba laifi ba ne, kakanni dubu na yin sa da zuciya ɗaya. Mugu ne ke fakewa a bayansa don ya san ba mai zarginsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, sha huɗu daga cikinsu sun ce wadda ta kai su kaso ba ita ce ta farko ba. Ta farkon, dangi ne suka rufe.

Anisa ba ta ɓaci ba, zaluntarta aka yi. Ki ce mata kin yarda da maganarta, kuma ba laifinta ba ne. Ki kai ta asibiti, ki je wurin jandarma. Na san Yaya Kailu zai yi fushi, amma don Allah kar ku rufe. Ina nan tafe ranar Juma'a.

Allah ya ƙara girma.
'Yarki, Balkisa

Tabla, 10 ga Janairu

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ban jira Juma'a ba. Jiya na kama hannun Anisa muka tahi Filingue. Likita ya duba ta, jandarma sun rubuta, sun zo sun tahi da Ɗandije. Kailu ya ce na tona asirin gida, ko gaishe ni bai yi ba. Ya yi ta fushinsa. Yau yarinyar ta sha hura har ta nemi ƙari.

Sha huɗun nan naki, ki ƙara ɗaya. Ni ma "matata" yake ce mini, ina da shekara tara. Inna ta ce in yi shiru don in samu mijin aure. Na yi shirun shekara arba'in da biyar, har na zauna ina dariya yana kiran jikata da sunan. Wannan dariyar ita ke ci mini rai.

Ki taho da littafin naki. Kin ji daga bakinsu, yanzu ki zo ki ji daga bakin ta farko.

Allah ya kawo ki lahiya.
Hasiya