Baƙin Siket a Kan Igiya

Munster, 8 ga Yuli, 1914

Yaya Theo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya zaman Faransa? Baba na gaishe ka.

Na yi ɓarna. Ranar Litinin na shanya wanki: shuɗiyar rigar Baba, farin zanen gado, sai jan siket ɗina. Ban lura tutar Faransa na jera ba, sai da ɗan sandan Jamus ya tsaya a bakin shinge. Ka san a jirgin ƙasansu Baba ke aiki. Rahoto ɗaya ya isa a kore shi.

Ɗan sandan ya ce, "Ke yarinya, tutar wa kika kafa a ƙasar Jamus?"

Na sunkuyar da kai.

Sai ga Maman Ulrich, Bajamushiyar maƙwabciyarmu da ka hana ni gaisarwa. Ta zaro baƙin siket daga kwandonta, ta rufe rigar Baba da shi.

Ta ce, "Sajan, giyar jiya ba ta sake ka ba? Baƙi, fari, ja. Tutar Sarkinka ce, sara mata!"

Ya dubi siket, ya yi tari, ya wuce.

Ko na gode ban iya cewa ba. Don Allah, in je in gaishe ta?

Ƙanwarka,
Salome

Nancy, 19 ga Yuli

Salome,

Ina gaida Baba. Ashe ke jaruma ce, Sarkin Kunya! Na karanta wa abokaina, sun yi ta tafi.

Amma kada ki je. Tutarmu ta rufe da tasu, yadda suka rufe ƙasarmu Alsace. Nan kowa waƙar ramuwa yake, kuma na shiga soja. Ɗanta ma sojansu ne. Ki jefa mata tsummanta ta kan shinge.

Yayanki,
Theo

Munster, 28 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, na je. Na goge siket ɗin, na haɗa da burodi mai zabibi. Na tarar tana saƙa wa Ulrich safa tana kuka. Ta tambayi girman ƙafarka. Ga taka safar nan cikin ƙunshi.

Baba na nan a bakin aikinsa.

An ce yaƙi ya ƙarato, za a rufe iyaka. Ulrich dogo ne, yana da tabo a girar hagu. Ka duba da kyau kafin ka ɗaga bindiga.

Allah ya tsare ku.

Salome