Dutsen Cocin Llanfeirwg

Llanfeirwg, 4 ga Maris, 1957

Yaya Idwal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, mun gama kwashe yashin teku da ke binne cocinmu duk shekara. Bana har taga ya kai. Bishop, babban limamin yankinmu, ya ce ya gaji, rufe cocin zai yi, sai in mun fito da dutsen nan mai rubutu na waliyyin da ya kafa shi, masana su tabbatar ya haura shekara dubu.

Na duba littafin coci. Dutsen ya ɓace a Nuwamban 1931, watan da teku ya ci Baba, kuma mabuɗin cocin na hannunka a lokacin. Duk tsohon da na tambaya sai ya sunkuyar da kai. Me ka sani?

Ƙanwarka,
Eirlys

Liverpool, 11 ga Maris

Eirlys,

Muna lafiya, yara na gaishe ki. Ke dai ba kya rabuwa da tone-tone. Yashi ya haɗiye shi mana! Ki bar zancen nan.

Yayanki,
Idwal

Llanfeirwg, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Amma kada ka raina mini hankali, yashi ba ya buɗe ƙofa. Tsohuwa Blodwen Parry ta ce ta gan ka da sassafe kana tura dutsen a baro, ka nufi arewacin coci. Can kuwa ba a binne kowa sai baƙin da ruwa ya kawo da waɗanda suka kashe kansu. Wa ke jiranka a can? Sayarwa ka yi? Raina a ɓace yake.

Ka huta lafiya,
Eirlys

Liverpool, 22 ga Maris

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ban sayar ba. Baba ba hatsari ya yi ba, da ƙafarsa ya shiga teku, kwana uku bayan jirginsa ya nutse da abokan kamun kifinsa. Ruwa ya dawo da shi. Limamin coci ya hana shi kabari a gefen kudu, inda ake binne mutanen gari, ya hana shi addu'a. Shekarunki shida lokacin, Mama ta sa na rantse ba za ki ji ba.

Na kife dutsen a kan kabarinsa na rufe da ƙasa, na ce ko waliyyi ya tsaya masa. In kina son coci, sai ki tone Baba a gaban duk gari. Ki yafe mini.

Yayanki,
Idwal

Llanfeirwg, 29 ga Maris

Yaya,

Na rubuta wa Bishop cewa dutse ya ɓace. Ran Lahadi za a yi sujada ta ƙarshe.

Ban yafe maka ba tukuna. Amma ka hau jirgin ƙasa ka zo. Kaburbura goma sha ɗaya ne babu suna a arewacin coci, ban san a kan wanne zan durƙusa ba.

Eirlys