Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Gwallameji, Bauchi

Zuwa ga Adda Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali muna da waya. Bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabciyata, ko tari na yi tana ji, maganar kuwa a kanta take.

Kin san halin da mai sunan Baffa yake ciki. Ya shekara shida, ba magana, ba ya son a taɓa shi, sai zagayen tsakar gida yana kaɗa hannuwa. Likita ta ce larurar sunanta otizim, ba ta da allura, amma motsa jiki zai taimaka masa ƙwarai: gudu, tsalle, cafe ƙwallo, kullum a lokaci guda. Ta ce zai rage kuka, ya sami barci. Sai ta ƙara da cewa in riƙa kiran sunansa kafin kowane motsi, don ya san da shi ake. Na ce mata to. Ban gaya mata ɗan fari ne ba, kuma sunan Baffa surukina yake ɗauke da shi, kunya biyu ke nan. Ke kin san yadda aka rene mu. Tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, balle in tsaya ina tsalle da shi a gaban mutane.

Na sayi ƙwallo. Na ce “kai”, na ce “yaro”, na jefa masa. Ƙwallon ta bugi ƙirjinsa ta faɗi, ko kallonta bai yi ba.

To, ga Matta. Mutuniyar Bogoro ce, tana aiki a sakatariya, tsakar gida ɗaya muke haya. An ce mata ta rage ƙiba, shi ne kullum da safe take zana ’yar gala-gala da gawayi, ita da ’yarta Treasure su yi ta tsalle kafin ta tafi aiki. Mace da girmanta, ƙasa na amsawa, ko a jikinta. Yaron nan ya yi kwanaki yana kallonsu daga bakin ƙofa. Ran nan sai ta tafa hannu, ta rera sunansa kamar waƙa, ta ja ƙarshen. Adda, sai ya juya. Ya taka ya shiga gidan farko.

Ina wanke-wanke ina gani. Ya kamata in yi murna, na kuma yi, amma murnar ba ta cika ba har yanzu. Ni na yi goyo, ni na sha kukan, ni nake fama da shi a keke in za mu asibiti. Ita kuwa tafi kawai ta yi.

Ki gaida Inna, kada ki karanta mata wannan.

Ƙanwarki,
Zakiyya


Zuwa ga Adda Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya gaba ɗaya. Amsarki ta iso, na ji nasiharki cewa in gode wa Allah, in gode wa matar. Daga nesa ai kowa malami ne.

Gaskiya yaron ya canza. Yana tsallake gidajen da ƙafa biyu, har ya fara gwada ƙafa ɗaya yana tangaɗi. Yana cin tuwonsa, yana barci. Maigidan kuwa bakinsa ba ya rufuwa da yabo, Matta kaza, Matta kaza, sai ka ce ita ta yi masa naƙudar.

Ranar Asabar na tashi wankin tsakar gida, wanda ba aikina ba ne a makon. Na sheƙa ruwa daidai kan zanen, na bi da tsintsiya har gawayin ya fita tas. Da yaron ya fito bai ga layukansa ba, sai ya zube yana ihu yana buga kai da ƙasa. Na kai hannu, ya ture ni. Matta ta fito da ɗaurin ƙirji, ta dubi jiƙaƙƙen siminti, ta dube ni. Ta sake zanawa a busasshen wuri. Da ma ta zage ni, da na sami abin riƙewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. Matta ta makara ba ta fito ba, sai yaron ya je ya tsaya a ƙofarta, ya buɗe baki ya ce Matta. Kalmarsa ta farko a duniya ke nan. Maigidan ya yi kabbara, Treasure ta yi ta ihu. Ni kicin na shige, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali da gas nake girki.

Kishi nake, Adda, ba zan ɓoye miki ba. Matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, shi ya sa abin ya fi ci na.

Taki,
Zakiyya


Zuwa ga Adda Kubura,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi.

Matta ta tafi Bogoro bikin ƙaninta. Na ɗauka zan huta, ashe ban san komai ba. Yaron ya wuni a ƙofarta yana taɓa kwaɗon, ya ƙi abinci, kuka ya dawo sabo. Ga shi Goggo, uwar maigidan, ta zo daga Ƙofar Ran za ta kwana biyu, tana zaune a tabarma tana kallon komai.

Washegari na ga ba zan iya ba. Na ɗauki gawayi na zana gidajen, duk a karkace. Na ɗaure zani tamau, na tsaya a gaban surukata, na kira sunan ɗana, sunan mijinta marigayi. Bakari. Ga shi na rubuta.

Goggo ta ajiye carbi. Shi kuwa bai juyo gare ni ba. Ƙofar Matta ya duba. Ya ji sunansa, amma bai san yana iya fitowa daga bakina ba.

Na sake kira, shiru. Sai na haɗiye abin da ya rage mini na girman kai, na tafa hannu yadda take yi, na rera sunan da irin muryarta, har jan ƙarshen. Nan take ya juyo. Na ɗaga ƙafa na faɗa gidan farko, na taka layi. Ya taho da sauri ya durƙusa, ya kama ƙafata da hannu biyu ya gyara mata wuri. Na manta rabon da ya taɓa ni da kansa. Muka yi ta tsalle, shi a gaba ni a baya, har numfashina ya ƙare.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yabe ni ba. Da na wuce ta, sai ta ce kallabina ya faɗi, in ɗauka.

Yanzu kullum da safe muna yi. Na gwada kiransa da muryata ta gaskiya, har yau bai amsa ba. Sai na zama Matta tukuna yake juyowa. Ranar Litinin mai muryar za ta dawo, ban san wadda zai bi ba in muka tsaya mu biyu. Na dai yanke shawara zan fito da gawayina in tsaya kusa da ita, in ci gaba da kira ko da ƙofarta zai duba.

Ki gaya wa Inna na kira sunan. In za ta yi fushi, ta yi, ba zan daina ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zakiyya, uwar Bakari